Kansar tairoid mai saurin kisa: furotin ɗin da suka fito min a STRING sun isa a kira su wurin kai magani?

ɗan_Kawo:
Salam 'yan uwa. Ina masters a biochem, project ɗina kan kansar tairoid ne (halittar nan da ke gaban wuya), irin anaplastic ɗin nan mai saurin kisa. Ita ta ɗauke gwaggona, an ɗauka maƙoƙo ne kawai, cikin wata huɗu wuya ya kumbura ko numfashi da ƙyar, shi ya sa na ɗauki abin da zafi. Na sauko da data daga GEO (rumbun bayanan ƙwayoyin gado a intanet), na ware ƙwayoyin gadon da suka hau fiye da kima, na zuba a STRING (shafin da ke nuna alaƙa tsakanin furotin) na buɗe a Cytoscape (manhajar zana wannan alaƙar), waɗanda suka fi kowa yawan alaƙa su ne CDK1, CCNB1, TOP2A da AURKA. To in rubuta su ne wuraren da za a kai wa magani? Dan Allah wanda ya sani ya taimaka.

Malama_TudunWada:
Allah ya jiƙan gwaggo, ya sa ta huta. Ƙanina kar ka yi gaggawa. Waɗannan huɗun aikinsu rabuwar ƙwayar halitta, duk kansar da ke gudu za ka gan su a sama, ko ta nono ko ta huhu, ba su nuna maka komai na tairoid ba tukuna. Kuma STRING yana ɗauko wani ɓangare na alaƙar daga takardun da aka riga aka wallafa, furotin ɗin da aka fi bincike shi zai fi layuka ko da ba shi ke tuƙa cutar ba. Sannan ka tuna gadar Kawo, in ka rufe ta ka tare ɓarawo amma ka tare mai kai mara lafiya asibiti ma, ɓargo da hanji su ma da CDK1 suke rayuwa. Ka rubuta su a matsayin waɗanda ake zargi, sai an gwada a lab.

Likitan_dare:
Ƙari kan maganar Malama, ka duba BRAF V600E, wani canji a ƙwayar gadon BRAF. A 2018 hukumar FDA ta Amurka ta amince da dabrafenib haɗe da trametinib wa masu anaplastic da ke ɗauke da shi, magani ɗaya ya toshe furotin BRAF ɗaya ya toshe furotin MEK da ke bin bayansa, layi ɗaya aka datse wuri biyu. Kuma canji ne a jikin ƙwayar gadon, ba yawanta ba, to lissafinka na hawa da sauka zai iya tsallake shi gaba ɗaya. Ka haɗo da data na mutation, wato irin wannan canjin, na ƙwayoyin gadon TP53 da TERT ma. Cutar nan yawanci wata 5 zuwa 6 take ba mutum, aidin mai radiyeshan ma ba ya kama ta, wlh aikinka na da amfani.

ɗan_Kawo:
Na gode Malama, na gode likita. Zan kwatanta da papillary, wani nau'in kansar tairoid ɗin, in ga abin da ya bambanta su. Akwai wanda zai nuna min yadda ake MCODE (na ware rukunin furotin a Cytoscape) ran Asabar? Zan zo ko ina ne cikin gari.