Makulli a ciki, kai a waje: yaya ka shiga motarka?

Direban Dare:
Assalamu alaikum jama'a. So nake mu tattara abin da ya same mu da kanmu, ba na ji-ta-ji-ta ba, a kan rufe mota makulli yana ciki. Dabarun da ake yaɗawa sun yi yawa, kuma da dama daga cikinsu na motocin da aka daina ƙerawa ne. Don haka duk mai ba da labari ya faɗi irin makullinsa: na murɗawa ne zalla, mai rimot ne, ko irin wanda ake bari a aljihu a danna maɓalli mota ta tashi.

Tawa tsohuwa ce, mai ɗan tsinken kulle a bakin gilashi, wanda ake dannawa ƙasa a ja sama. Igiyar takalmi ce ta fitar da ni. Na yi zarge a tsakiyarta, na cusa ta ta kusurwar ƙofa ta sama, na riƙe bakin biyu ina ja hagu da dama kamar mai zarto har ta sauka, zargen ya faɗa wuyan tsinken, na tsuke na ja. A baki abu ne mai sauƙi, a hannu kuwa sai da yatsuna suka yi jawur. Kuma sai in tsinken mai kai ne. In sumul yake, igiyar zamewa za ta yi ta yi.

Uwar 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Tawa mai rimot ce, kuma but ne ya ci ni. Na danna maɓallin but kaɗai, ƙofofi suna nan a kulle, na ajiye jakata a ciki ina jera kaya, na gama na turo murfin. Ƙarar rufuwarsa ce ta tuna mini inda makullin yake. Maigidan yana da na biyu, amma yana nesa. Wani bawan Allah da ke tsaye ya ce in kira maigidan, ya kara rimot ɗinsa a wayarsa ya danna, ni kuma in kara tawa a jikin ƙofa, wai za ta buɗe. Mun yi ta yi har mutumin ya fara cewa wayata ce ba ta da kyau. A ƙarshe dai zama na yi na jira aka kawo makullin.

Mai Wayarin:
Hajiya, wayarki lafiyarta lau. Rimot ba sauti yake aikawa ba, siginar rediyo ce, galibi a kan megahaz 315 a motocin kasuwar Amurka, ko 433 a na Turai. Kiran waya kuwa murya kaɗai yake ɗauka, makirfon bai san da wata siginar rediyo ba balle ya kai ta wani wuri. Masu rantsuwa cewa sun gwada ya yi, in ka bincika za ka tarar mai rimot ɗin yana kusa da motar, rimot ɗin ne ya yi aikinsa kai tsaye. Haka labarin ƙwallon tanis da ake hudawa a matsa a ramin makulli wai iska ta ɗaga kulle. Na gwada a gaban yarana na aiki don su daina damuna da shi, ko motsi kullen bai yi ba.

Ɗan Koyo:
Ni dai na buɗe, amma ban ji daɗin buɗewar ba. Mutane suka taru, kowa da shawararsa, wani ya zo da sukudireba babba ya soka a saman ƙofa ya banƙare, wani ya zura wayar hanga har ta taɓa maɓallin buɗewa. Aka yi ta tafi. Sai da na hau titi na ji iska tana fito a kunnena, ranar da aka yi ruwa kuma kujerata ta jiƙe. Firam ɗin ƙofar ya lanƙwashe, roba ta yage, fenti ya kankare a wuri biyu. Mai gyaran bodi ya mayar da ƙofar yadda ya iya, amma har yau in na wuce wani gudu fiton yana dawowa.

Tsohon Bakanike:
Yaro, ka gode Allah a sama suka tsaya. Waɗanda suke zuwa mini da kuka su ne waɗanda aka zura musu ƙarfe tsakanin gilashi da roba, zuwa cikin cikin ƙofa.

Bari in faɗa muku asalin wannan dabara, don ba ƙarya ba ce, zamaninta ne ya wuce. A motocin da, cikin ƙofa kusan fanko ne: sandunan ƙarfe ne siriri suka haɗa ramin makulli da tsinke da sakata. In ka zura wani faffaɗan ƙarfe mai ƙugiya a baki, ka san inda sandar take, ɗagawa ɗaya ƙofa ta buɗe. Mun yi wannan ba adadi. To ɓarayi ma sun iya, shi ya sa kamfanoni suka rufe wurin da garkuwa, da yawa kuma suka bar sanduna suka koma kebul mai riga, wanda ƙugiya ba ta da abin da za ta kama a jikinsa. A ƙofar yau akwai wayoyin gilashi, na madubi, na lasifika, da ɗan injin da ke motsa kulle, a wasu kuma har da na'urar da ke jin karo ta gefe don ta tayar da jakar iska mai kare mutum a haɗari. Mai ƙarfen nan lalube yake a duhu. Duk abin da ya ji ya kama, ja zai yi.

Akwai wadda aka kawo mini, an ja har wani ɗan maƙalin roba ya ɓalle. Ƙofar direba ta daina buɗuwa ta ciki da ta waje gaba ɗaya, mai ita ta gefen fasinja yake shiga yana tsallakawa. Fitar da bangon ƙofa alhali tana rufe ba ƙaramin aiki ba ne, sai da muka ciro kujera. Shi kuwa wanda ya yi taimakon tuni ya kama gabansa, an ma yi masa godiya.

Mai Yankan Makulli:
Baba ya gama magana a kan wancan. Ga yadda muke yi yanzu. Akwai wata 'yar jakar iska shafaffiya da muke sakawa a kusurwar ƙofa ta sama, mu hura ta a hankali har a sami tazarar da ba ta wuce kaurin yatsa ba. Sai mu zura doguwar sanda mai rigar roba mu danna maɓalli, ko mu ja hannun ƙofa, ko in makullin yana kan kujera mu danna rimot ɗin kansa. Bambancinmu da mai sukudireba shi ne jakar tana raba nauyi, kuma mun san inda za mu tsaya da hurawa. Hanyar da na fi so ma ba ta taɓa firam: akwai kayan aiki irin su Lishi da ake sakawa a ramin makulli, a daidaita haƙoran ciki ɗaya bayan ɗaya har ya juya. Da shi har ana karanta yankan makullin a yanka sabo.

Abu ɗaya da yake ba mutane mamaki: wasu motocin, musamman na Turai irin su Volkswagen da BMW, suna da kulle mai ninki biyu. In an kulle da rimot daga waje, hannun ciki yana daina aiki, an yi shi ne don ko ɓarawo ya fasa gilashi kada ya iya buɗe ƙofa. A irin waɗannan ko ka ja hannun da sanda har gobe, a banza.

Kuma don Allah kada ranku ya ɓaci in mun nemi shaidar cewa motar taku ce. Na san takardu sau da yawa suna ciki, to ana buɗewa sai ka nuna, sunan ya dace da katinka. Wanda ya buɗe maka bai tambaya ba, gobe zai buɗe wa wani taka.

Uwar 'Yan Biyu:
Malam, in da a ce makullin nawa guda ɗaya ne, kuma yana but, yaya za a yi?

Mai Yankan Makulli:
Mu buɗe ƙofa tukuna, Hajiya. Daga nan ko maɓallin but na gefen direba, ko a kwantar da kujerar baya a miƙa hannu. In makulli ya ɓace ne ɗungurungum, akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda a yawancin motoci ana hango ta ta gilashin gaba, can ƙasa ta gefen direba. Da ita dillalin kamfani yake gano lambar yankan makulli, bayan ka kawo shaidar mallaka.

Malamar Jinya:
Duk abin da aka faɗa a sama na wanda ba kowa a motarsa ne. In akwai yaro a ciki, lissafin daban ne, kuma a nan ba na sassauta wa kowa.

Ya faru da ni a wurin ajiye motoci, da rana. Wata mata ta ɗaure jaririyarta a kujerar baya, ta ba ta makulli tana wasa da shi, ta rufe ƙofa don ta zagaya, yarinya ta danna. Ko da na iso mutane suna ta gardamar waya da igiya, uwar kuma tana cewa a jira an tafi ɗauko na biyu. Na leƙa na ga yarinyar ta yi sharkaf da gumi, kukan ma ya fara rauni. Na ce a fasa.

Ku riƙe wannan: mota a rufe cikin rana, zafin cikinta yana iya ƙaruwa da kimanin digiri 10 a minti 10 kacal, jikin ƙaramin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. In zafin jiki ya kai digiri 40 an shiga haɗari. Yaron da ya yi shiru bayan kuka ba lallai barci ya yi ba. A kira lambar agajin gaggawa, amma in an ga alamun galabaita kada a tsaya jira. A fasa gilashin da ya fi nisa da yaron, a fito da shi zuwa inuwa, a rage masa kaya, a shafa masa ruwa mai sanyi, a kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri, Anti. Nawa ya ɗan tasa, yana jin magana, kuma a inuwa muke, don haka ta gilashi na riƙa nuna masa maɓallin da zai danna. Abin da na lura shi ne da na ɗaga murya sai ya rikice ya fashe da kuka, da na mayar da abin wasa kuwa sai ya danna. Amma da ma na ba kaina 'yan mintoci ne, wilsifana na hannun wani a bayana.

Tsohon Bakanike:
Tunda an zo maganar fasawa: gilashin gefe ya fi yadda kuke zato tauri. Na ga ƙato ya dunƙule hannu ya naushi tsakiya, asibiti aka kai shi, gilashi ko tsagewa bai yi ba. Abu mai tsini ake so, kuma a kusurwa, ba a tsakiya ba. In ya fashe rugurguzewa yake yi ƙanana-ƙanana. Gilashin gaba kuwa kada ma ku ɓata lokaci, falle biyu ne da leda a tsakani, tsagewa zai yi ya tsaya a wurinsa. Wasu sababbin motoci ma irinsa suke sakawa a ƙofofin gaba. Ku duba ɗan tambarin da ke kusurwar gilashin: in an rubuta Tempered zai rugurguje, in Laminated ne a nemi wani.

In kuma ba rai a ciki, kai ne dai ka matsu, kada ka ce ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku za ka fasa don ka rage asara. Sau da yawa shi ya fi wuyar samu, a wasu motocin kuma manne yake da gam, aikin sa shi ya fi na babban.

Mai Sabuwar Mota:
Ni da cewa nake wannan matsalar ba ta shafe ni ba, tunda tawa in ta ji makulli a ciki ba ta yarda ta kulle, ƙara take yi ta sake buɗewa. Rannan ta kulle tsaf. Makullin yana ƙasan jaka tare da waya da tarkacen ƙarfe, batirinsa kuma ashe ya yi sanyi, motar ba ta ji shi ba. Manhajar kamfanin da ke wayar matata ce ta buɗe ta daga nesa, don tawa wayar tana cikin jakar.

Mai Wayarin:
Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, yawanci CR2032, a canza shi da zarar an ga sai an matso kusa rimot yake aiki. Buɗewa daga nesa kuma ba sabon abu ba ne, tsarin OnStar na kamfanin General Motors, mai yin wannan aiki, tun 1996 aka fara shi, Ford kuma tun 1980 suke saka maɓallan lambobi na buɗewa ba da makulli ba a jikin ƙofar wasu motocinsu. Amma manhaja sai motar tana samun sabis, kuma rajistarka tana raye. A ƙarƙashin bene mai zurfi ba lallai ta amsa ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a cikin rimot irin naka akwai siririn makullin ƙarfe da ake zarowa, ramin sa shi kuma sau da yawa yana ɓoye a bayan wani murfi a hannun ƙofar direba. An sha kirana wai mota ta ƙi buɗuwa, alhali makullin yana tafin hannun mai ita.

Direban Dare:
To maganar safaya fa? Ni ina da ɗan akwati mai maganaɗisu a ƙarƙashin mota, amma kullum na faɗa rami sai gabana ya faɗi.

Mai Yankan Makulli:
Yana faɗuwa kuwa, kuma wuraren da ake maƙala shi ba sirri ba ne. Mai rimot na aljihu ma kada ya kuskura, don motar za ta ji shi a kusa ta buɗe wa duk wanda ya ja hannu. Abin da nake yi wa mutane shi ne in yanka musu ƙarfe zalla, ba rimot ba komai, shafaffe da zai zauna a walat. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 yawancin makullai suna da ɗan guntun lantarki a kai wanda sai mota ta gane shi inji yake tashi, don haka wannan ƙarfen ƙofa kawai zai buɗe, ko ya faɗa hannun wani ba zai tayar da ita ba. A wasu motocin ƙararrawa za ta yi ihu in ka buɗe da shi, ka ɗauki na ainihin ka danna ta yi shiru. Ka gwada shi a ƙofar tun a gaban wanda ya yanka, ka kuma riƙa murɗa ramin lokaci-lokaci da ɗan man feshi, don ramin da ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cije.