Taƙaitawa: Ta Ina Za a Fara da Fina-finan Nagisa Oshima?

Nagisa Oshima daraktan fim ne ɗan Japan. Kada sabon shiga ya fara da fim ɗinsa In the Realm of the Senses na 1976. Tsiraicinsa a fili yake, har sai da aka kai ɗanyen fim ɗin Faransa aka wanke shi, don dokar Japan ba za ta bari ba. Wanda ya fara da shi yakan ɗauka batsa ce kawai sana'ar Oshima, alhali siyasa ce jigon aikinsa.

Gara a fara da Boy na 1969, labarin iyayen da ke sa ɗansu faɗawa gaban mota don karɓar diyya. Sai Death by Hanging na 1968, wanda ya fito da wariyar da 'yan Koriya ke sha a Japan.

Night and Fog in Japan kuwa, a fara karanta tarihin zanga-zangar 1960 kan yarjejeniyar tsaro da Amurka, in ba haka ba muhawarar ɗaliban da ke cikin fim ɗin za ta gundiri mutum. Kamfanin Shochiku da ya shirya fim ɗin ya janye shi daga sinima bayan kwanaki kaɗan, Oshima ya fusata ya bar kamfanin.