Yarona ya kamu da shatranj, in cire shi daga madrasa?

Baban Sadiƙ, Makka:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da yaro ɗan shekara 8, tunda ya samu jawwal ɗin uwarsa, wato wayarta, ba abin da yake sai shatranj, wato darar turawa, a Lichess, dandalin buga shi a intanet, yanzu har dattawan layinmu a Shari' Mansur lallasa su yake, ni kam na daina zama da shi don kunya. Na ji labarin wani mutumin Hungary, László Polgár, da bai kai ƴaƴansa mata uku makaranta ba, a gida ya horar da su, autarsu Judit ta zama giranmasta, wato babban laƙabin gwanayen shatranj, a 1991 tana shekara 15. Zuciyata na raya min in yi haka. Uwarsa ta ce sai dai bayan ranta. Me kuka gani?

Abu Fahad, Jidda:
Malam a yi a hankali. Polgár ɗin nan shi da matarsa duk malamai ne, koyarwa ce sana'arsu, kai da kake fita shago tun asuba wa zai zauna da yaron? Kuma lallasa dattawan layi ba shi ne ma'auni ba wallahi, kai shi gasa ta gaske mai agogo ya samu maki na FIDE, hukumar shatranj ta duniya, tukuna. Giranmasta sai ya taɓa maki 2500, ga tafiye-tafiye ƙasa ƙasa, tikiti da otal da biza duk daga aljihunka. Gukesh na Indiya da ya zama zakaran duniya a 2024 yana shekara 18, babansa likita ne amma ajiye aikin ya yi yana bin sa gasa, uwar ce ta riƙe gida. Kai wa zai riƙe naka?

Maman Hanan:
Ni dai ina bayan uwar yaro. Ga Bassem Amin nan kusa da mu a Masar, giranmasta ne kuma likita, bai yar da karatu ba. Kuma ka tambayi malamai, ai marigayi babban Muftin Saudiyya Al Sheikh ya taɓa cewa shatranj haramun ne saboda ɓata lokaci.

Abu Fahad, Jidda:
Hajiya haka ne, amma akwai saɓani tun da can, malaman Shafi'iyya makaruhi suka ce in ba caca kuma bai hana sallah ba. Ko Riyad ma ai an yi gasar duniya ta masu sauri a 2017 da sunan Sarki Salman.

Baban Sadiƙ, Makka:
To na ji, madrasa da hadda suna nan daram, uwarsa ta yi nasara, har dariya take min yanzu. Abu Fahad in ka san mai horarwa a Jidda da ba zai yanke ni a kuɗi ba ka turo min ta WhatsApp, Juma'a da Asabar sai in kawo shi a jirgin ƙasa na Haramain.