Ramin Eisenhower a watan Janairu, in karɓi lodin ko in bari?

Sabon Direba: Salamu alaikum yayyena. Wata uku kenan da samun lasin tirela, yau dispacha, mai raba mana lodi a kamfani, ya ba ni lodi daga Denver zuwa Grand Junction ta babbar hanyar I-70 a jihar Colorado ta Amurka, kenan sai na bi ramin Eisenhower, inda hanyar ta ratsa ta cikin dutse. Kayan gwangwani ne. Ban taɓa ɗaura sarƙa a taya don santsin ƙanƙara ba. In karɓa ko in ce a ba wani?

Baban Ummi: In tankar mai ce ba za su bar ka ka shiga ba, Loveland Pass za ka hau, hanyar da ta bi ta saman dutsen.

Sabon Direba: Yaya gwangwani fa na ce

Ɗan Damagaram: Ramin ba komai, guda biyu ne kowane hannu da nasa, ɗaya 1973 aka buɗe ɗaya 1979, bai kai kilomita 3 ba. Fitowar ce aiki, kana saman ƙafa dubu 11 sai gangare har garin Silverthorne.

Alhajin Aurora: Ƙanena ka ji tawa. Nan na sauko mota tana babbar giya ina ta taka birki har ya ɗau zafi ya fara wari, na taka babu komai, salati kawai nake, Allah ya sa na cusa ta hanyar tsakuwar nan da ake tare mota ta nutse har gindi. Kamfanin da nake wa aiki ko sannu, kuɗin janwe suka zare a albashina wata biyu cur, ga Hajiya na jiran kuɗin makarantar yara a gida. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Baban Ummi: Allah ya kiyaye gaba Alhaji. Kai dai sayi sarƙa, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu doka ce. Dala 90 na sayi biyu.

Ɗan Damagaram: 90 a ina? Ni 240 na biya.

Alhajin Aurora: Wanda bai wuce Texas ba shi ke koyar da ƙanƙara?

Baban Ummi: Haba Alhaji, shekara shida na yi ina sauka Hawan Kibo na jihar Filato da DAF.

Na Kurmi: A Hawan Kibon ƙanƙara kake gani ko masu sayar da dankali 😂

Ɗan Damagaram: Ni zancen zare kuɗin nan ne ya tsaya min. Jiya awa bakwai na yi a layin sauke kaya ko sisi ba a ƙara min ba.

Na Kurmi: Bakwai ma? Ni kwana na yi

Sabon Direba: To lodin fa? Ƙarfe biyar na asuba ya ce in ba shi amsa.