Wace kwamfuta ce za ta ja wasan tuƙin jirgin ƙasa ba tare da cijewa ba?

Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta, kafin in zuba kuɗin da na daɗe ina tarawa a inda ba za su amfane ni ba. Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana aikin reluwe a nan Zariya, kuma a kusa da tasha muka tashi, ta yadda tun muna yara muke bambance jirgin Kano da na Ƙauran Namoda. Yanzu ya yi ritaya, ƙafa kuma ta yi nauyi, ba ya zuwa ko'ina sai masallaci. A watan jiya na buɗe masa wasan tuƙin jirgin ƙasa mai suna Train Sim World a laftof ɗina, na ba shi kujerar direba a layin da ya tashi daga tashar Paddington ta Landan zuwa Reading. Sai na ga tsoho ya gyara zama, ya ɗauko tabarau, ya shiga nuna mini inda ya kamata a fara rage gudu tun kafin a hango dandamalin tasha. Rabon da in ga fuskarsa ta sake haka har na manta.

Abin da ya ɓata mana zaman shi ne hoton yana cijewa. Idan jirgi yana fili babu laifi, amma da zarar an tunkari babbar tasha sai komai ya tsaya cik na ɗan lokaci, kafin ya dawo mun wuce sigina, laftof ɗin kuma ta yi zafi har ba a iya ɗora hannu a kanta. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5 ce ta ƙarni na 8, da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabait 8, da faifan ajiya irin na da mai juyawa, da ƙaramin katin hoto mai gigabait 2.

Wani mai shago ya ce in sayi kwamfutar ofis ta hannu mai araha, in zuba sauran kuɗin duka a babban katin hoto. Shin wannan shawara tana kan hanya? Kuma a yanayinmu na Zariya, ta tebur ta fi ko laftof?

Malamin Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Ɗan'uwa, shawarar mai shagon nan za ta iya dacewa da wasu wasannin, amma ba ta dace da wasan jirgin ƙasa ba, kuma zan bayyana dalili domin ka iya auna maganar da kanka.

A irin wannan wasa, katin hoto zane kawai yake yi. Furosesa ce ke lissafin nauyin kowane tarago, da matsin iskar birki, da siginoni, da sauran jiragen da ke bin jadawalinsu ko kana ganinsu ko ba ka gani, da fasinjojin da ke kai da kawowa a dandamali. Shi ya sa wasanka yake tafiya daidai a fili, sannan ya durƙushe a bakin babbar tasha, inda layuka da jirage suka taru. Sashe mai yawa na wannan lissafi a jere ake yinsa, ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ƙarfin kowace cibiyar aiki a cikin furosesa ya fi yawan cibiyoyin muhimmanci. Wannan ya fi tsanani a Train Simulator Classic, wanda asalinsa RailWorks ne na 2009, amma ko Train Sim World da kamfanin Dovetail Games na Ingila ya fara fitarwa a 2017 a kan injin gina wasanni na Unreal 4 bai tsira daga halin ba. Tsohuwar furosesar ofis da aka haɗa da babban kati tamkar kan jirgi ne marar ƙarfi da aka ɗaura wa taragai masu kyau. Baba zai fi kowa gane abin da nake nufi.

Dalili na biyu na cijewa shi ne faifan ajiya. Wasan ba ya ɗauko layin gaba ɗaya a lokaci guda, yanki-yanki yake ɗaukowa yayin da jirgi ke tafiya. Ɗauki layin Kassel zuwa Würzburg na Jamus, inda jirgin ICE ke kai gudun kilomita 280 a awa: wannan kusan mita 78 ke nan a kowane sakan, kuma dole gadoji da ramukan dutse da bishiyoyin da ke gaba su iso daga faifai kafin idonka ya kai kansu. Faifai mai juyawa ba zai iya wannan tsere ba. SSD ake bukata, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai mai juyawa, irin NVMe, kuma ina ganin kada ka sauka ƙasa da terabait 1, domin kowane layi da za ka ƙara saya yana cin gigabait masu yawa, kuma wanda ya fara tara layuka ba ya tsayawa a ɗaya.

Da ni ne, ga abin da zan haɗa. Furosesa Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, dukansu na 2022 ne, masu cibiya shida, kuma suna aiki da RAM irin DDR4 idan aka zaɓi allon uwa, wato babban allon da ake dasa duk kayan a kai, wanda ya dace. Ka lura cewa dukansu biyun ba su da sashen hoto a cikinsu, ba za su nuna komai a allo ba sai da kati. Idan hali ya yi, Ryzen 7 5800X3D tana da ma'ajiyar kusa, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin furosesar kanta, mai megabait 96, kuma wasannin kwaikwayon tuƙi suna cin moriyar wannan sosai. RAM gigabait 16, amma sanda biyu masu 8 kowanne maimakon sanda ɗaya mai 16, domin biyun suna buɗe wa furosesa hanya biyu. Katin hoto kuwa, ga allo mai layi 1080, RTX 3060 mai gigabait 12 ko RTX 4060 mai gigabait 8 ko RX 6600 na AMD duk sun wadatar.

Sai magana ɗaya da mutane ba su cika son ji ba: ko kwamfutar da ta fi kowace tsada takan ɗan cije a wannan wasa, musamman a karon farko da aka bi sabon layi, lokacin da wasan ke shirya wa katin hoto lissafin haske da inuwa. Abin nema shi ne daidaito. Hotuna 30 ko 40 a sakan waɗanda ba sa hawa da sauka sun fi daɗin tuƙi a kan 90 da ke faɗowa zuwa 20 a bakin tasha. Ka ƙayyade adadin a cikin saitin wasan, ka rage inuwa da nisan gani kafin ka taɓa komai.

Mai Gyara a PZ:

Malam ya gama magana a kan kayan ciki, ba ni da abin gyarawa. Ni dai zan faɗi abin da nake gani a kan teburina kullum, domin yawancin kwamfutocin wasa da ake kawo mini ba wasa ne ya kashe su ba, wuta ce da ƙura.

Game da kwamfutar ofis ta hannu, Alhaji, akwai matsalar da mai shagon bai gaya maka ba. Da yawa daga cikinsu, musamman sirara, ƙaramin akwatin wuta gare su, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, wanda ba shi da wayar da babban kati ke bukata, kuma sau da yawa mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, ba za ka cire shi ka sa na kasuwa kai tsaye ba. Wani lokacin ma katin ba ya shiga cikin akwatin kwamfutar saboda tsawo. Na sha ganin wanda ya zo da kati a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗaya, sun ƙi haɗuwa, kuɗi kuma sun riga sun tafi. Araha ba ta ado. Ka kuma tuna cewa Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza ƙarni na 8, sai 'yan ƙalilan.

A cikin katunan da Malam ya lissafa, ni RTX 4060 zan nuna maka, saboda wat 115 take ci, RX 6600 tana cin 132, RTX 3060 kuma 170. A inda wuta ke tsaye wannan bambanci ba abin damuwa ba ne, amma ga wanda zai dogara da inbata ko sola ko ƙaramin janareta, wat 55 ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wutar da kati ya ci zafi take komawa a cikin ɗaki. Wanda ya san Zariya a watan Maris da Afrilu ya san abin da nake faɗi. Ka sayi akwatin wuta na kirki mai wat 550 ko 650, kada ka yarda da marar suna wanda in ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar gwangwani. Ka sa UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, tsakanin soket da kwamfutar, kuma ka karanta wat ɗinsa, ba adadin VA da aka rubuta da manyan baƙaƙe kawai ba, domin mai VA 650 yawanci bai kai wat 400 ba. Mai 1000 ko sama da haka ya fi ba ka natsuwa. Aikinsa ya riƙe ka minti kaɗan ka kashe kwamfuta cikin tsari, ba ka ci gaba da tuƙi ba. Inbata kuma a nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da wadda wutarta ba tsabtatacciya ba ce.

Ƙurar hunturu kuwa sai wanda ya buɗe ya gani. A watan Janairu na buɗe wata kwamfuta da aka ce tana kashe kanta, na tarar da ƙura ta yi kauri a bayan fankar furosesa kamar an shimfiɗa bargo ja, har sai da na ɓanɓaro ta da yatsa a dunƙule. Da na hure ta, na sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, matsalar ta kau ba tare da an sayi komai ba. Saboda haka ka nemi akwatin kwamfuta mai raga a gaba wadda ake cirewa a wanke, kada ka ajiye shi a ƙasa ko a bakin taga, ka rufe shi da ƙyalle idan an kashe. In za ka hure, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta da ƙarfi.

Idan kati na hannu za ka saya, kada ka biya sai an gwada a gabanka. A buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a tabbatar da sunansa da girman ma'ajiyarsa, a sa masa aiki mai nauyi na aƙalla minti ashirin kana kallon zafinsa, kana duba allo ko ɗigo-ɗigo ko zane-zanen launi za su fito. Mai sayarwar da ya ƙi wannan, ka yi masa sallama.

Malama daga Kongo:

Ina da ɗan saɓani da ra'ayin da aka karkata a kai. Ni da laftof mai RTX 4060 nake buga SimRail, wasan nan na layukan Poland da ya fito a 2023, kuma babban dalilina shi ne batir: an sha ɗauke wuta ina tsakiyar tafiya, ban rasa komai ba. Sai dai gaskiya ƙarfinta yana raguwa sosai da zarar an cire caja, kuma katin laftof ba daidai yake da na tebur ba ko da suna ɗaya ne. RTX 3060 ta laftof gigabait 6 gare ta, ba 12 ba, kuma kowane kamfani yana ƙayyade wat ɗin da yake ba katin, saboda haka a duba wannan adadi kafin a saya. Amma tunda domin Baba ne, kuma ido ya manyanta, na yarda babban allo ya fi masa, domin lambobin ma'aunin gudu da na birki ƙanana ne ƙwarai a allon inci 15.

Ƙanina, kada ka manta da data a cikin lissafinka, domin sauke wasan da layukansa da sabuntawar da ke biyo baya duk kuɗi ne. Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, tana mayar da kuɗin wasa idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga shi awa biyu ba, saboda haka kana da damar gwadawa. Kafin sabuwar kwamfuta ta haɗu kuma, ka sa wa Baba wasan jirgin ƙasa na Open Rails a laftof ɗin da ke hannunka. Kyauta ne, kuma bai kai waɗancan nauyi ba.

Malamin Samaru:

Na karɓi hujjar wuta da mai gyara ya kawo, gaskiya ban sa ta a ma'auni ba. Gigabait 8 na RTX 4060 sun isa a allo mai layi 1080. Idan dai akwai niyyar komawa allo mai layi 1440 nan gaba, a nan ne gigabait 12 za su yi rana.

Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa maganar kwamfutar ofis. Zan haɗa ta tebur da Ryzen 5 5600, da RAM sanda biyu, da SSD terabait 1, da RTX 4060, da allo mai inci 27 saboda idon Baba, kuma zan fara sayen UPS kafin komai ya shigo gida. Malam mai gyara, idan kaya sun kammala zan nemi ka duba mini su kafin a kunna.

Jiya da daddare na karanta wa Baba amsoshinku. Da na zo kan misalin kan jirgi da taragai sai ya yi dariya, ya ce ya sha ganin haka da idonsa a hawa idan kaya sun yi yawa. Sannan ya tambaye ni ko a cikin wasannin nan akwai layi mai faɗin ƙafa uku da inci shida, wato milimita 1,067, irin namu na Legas zuwa Kano da ya yi aiki a kai, domin na Landan da na Jamus duk masu milimita 1,435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Duk wanda ya taɓa tuƙa layi mai irin wannan faɗi a Open Rails ko Trainz, don Allah ya nuna mini inda zan same shi.