Neman kalma: minikwamfuta da ko-dizain

Hadiza: Salam jama'a, don Allah a agaza min, gobe da safe zan miƙa fassarar darasi kan tarihin kwamfuta kuma na maƙale wuri biyu. Na farko minikwamfuta, irin PDP-11 ta kamfanin DEC da ta fito a 1970. Na biyu ko-dizain, wato a tsara injin da manhajarsa lokaci guda ana gyara kowanne ya dace da ɗayan, kamar yadda John Cocke da mutanensa suka yi da kwamfutar IBM 801, suka sauƙaƙa umarnin da injin ke ganewa suka ɗora wa kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da shirin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da inji ke ganewa, sauran nauyin, daga nan ne RISC, wato ƙirar kwamfuta mai sauƙaƙan umarni, ta samo asali.

Sani: Ƙaramar kwamfuta mana.

Hadiza: Ɗalibi zai ɗauka laftof nake nufi, alhali wasunsu sun kai firji girma.

Bilkisu: Matsakaiciya ki sa, tana tsakanin manyan nan masu cinye ɗaki guda da na kan tebur da suka zo daga baya. Ɗayan kuma tsarin haɗin gwiwa.

Malam Garba: Haɗin gwiwa na mutane ne, inji ba shi da gwiwa. Ƙirar tagwaye, ni na daɗe da wannan. Injin VAX-11/780 na DEC da VMS, manhajar da ke tafiyar da shi, tare aka tsara su tare aka sanar da su a 1977, in ba tagwaye ba mene ne? Sannan a daina ce mana kwamfuta muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Sani: Allah gafarta Malam na'ura ai Larabci ce, manhaja ma haka. Aron Larabci halal na Turanci haram?

Malam Garba: Waccan ta zauna ta zama tamu. Ku dai burinku a ji kun iya Turanci.

Bilkisu: Ba maganar burga ba ce Malam, matsakaiciyar na'ura mai ƙwaƙwalwa sau nawa za ta shiga layi ɗaya? Kuma tagwaye kama suke nunawa, nan ko dacewa ake nufi, inji da manhaja ba sa kama.

Malam Garba: Akwai tagwayen da ba sa kama.

Hadiza: To na gode. Matsakaiciyar kwamfuta na ɗauka. Ɗayan zan rubuta tsara inji da manhaja tare a farko, daga baya na riƙa cewa tsarin tare.

Malam Garba: Wannan bayani ne ba suna ba, amma ki miƙa tunda lokaci ya ƙure.