Muhawara: Teku ne ya rina jan yashin da ke gaɓarsa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Jama'a ku dubi hoton da ɗana ya turo daga Indiya. Tuddan yashi ne ja wur a gaɓar teku kusa da birnin Bishakafatnam, ruwan sama ya tsattsaga su. Ni dai na ce gishirin teku ne ya rina yashin. Kuma tunda jar ƙasa ta cika Gombe, ai shaida ce teku ya taɓa zama a nan.

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Alhaji, teku ya zo Gombe kam, amma jar ƙasa ba ita ce shaidarsa ba. Wurin da ke hoton ana ce masa Erra Matti Dibbalu, a jihar Andhra Pradesh, kuma a 2014 hukumar binciken ƙasa ta Indiya ta sa shi cikin wuraren da ake adanawa. Jan nan tsatsa ce, irin wadda ke cin kwanon rufi.

Baban Khalifa: Tsatsa kuma? Malam, yashi ƙarfe ne?

Malam Idi: Akwai ƙwayoyin ma'adinai masu ƙarfe gauraye a cikinsa. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta daskarar da ruwa mai yawa a doron ƙasa, teku ya sauka wajen mita 120. Sai ƙasan teku na kusa da gaɓa ya zama fili. Iska ta kwaso yashinsa ta jibge a tudu. Daga baya damina ta jiƙa, rani ya busar, shekara dubbai ana haka. Ma'adinan suka ruɓe, ƙarfensu ya haɗu da iska ya yi tsatsa, ta lulluɓe kowace ƙwaya. Idan aka kankare jan, ƙwayar fara ce mai kama da gilashi.

Garba Mai Rijiya: Ni ban yi boko ba, amma abin da Malam ya faɗa ina gani a aiki. Muna fara haƙa ƙasa ja ce, har ta kama riga. Da mun sauka inda ruwa ke kwance rani da damina, sai ta koma ruwan toka, wani lokaci da ɗigo-ɗigon ja. Inda iska ba ta kaiwa, ja ba ya zama.

Maman Ummi: Ni ina tare da Alhaji. Malam, in ba teku ba, me ya sa a bakin teku ake samunsa? Har a Tamil Nadu da Siri Lanka an ce akwai.

Malam Idi: Hajiya, teku da koguna su suka tara yashin, wannan ban musa ba. Rinin ne aka yi a tudu. Ki tuna yashin bakin teku a Legas, kullum cikin ruwan gishiri yake amma bai yi ja ba, don igiyar ruwa na ta gurza shi. A Namibiya abin ya fi fitowa fili. Kogin Orange ke kai yashi teku, ruwa ya tura shi arewa, iska ta shigo da shi tudu. Tuddan da ke gaɓa fari-fari ne, waɗanda suka yi nisa cikin hamada, da suka fi daɗewa a waje, su ne jajaye.

Injiniya: Wannan hujja ta kama ni. Amma shekarun fa? Wa ya ƙirga?

Malam Idi: Ana tono yashin cikin bututu ba tare da haske ya taɓa shi ba, a auna a ɗakin gwaji yaushe rabonsa da ganin rana. Awon yana da ƙari ko ragi, shi ya sa nake cewa kimanin.

Baban Khalifa: To ka dawo kan Gombe. Ka ce teku ya zo.

Malam Idi: Ya zo, kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, ta kwarin Binuwai. Shaidarsa na Ashaka. Dutsen da ake fasawa a yi siminti a ƙarƙashin teku ya taru, cikinsa akwai ɓawon halittun ruwa masu naɗi kamar katantanwa, sun zama dutse. Laka mai duhu ta yankin Pindiga ita ma ta teku ce. Duwatsun Bima kuwa yawanci koguna suka tara su tun kafin tekun ya iso. Abin da ke damuna, Alhaji, yaranmu na wuce waɗannan wurare kullum ba wanda ya nuna musu.

Maman Ummi: Batun Ashaka na karɓa. Amma har yanzu ina ganin iskar teku mai gishiri na da hannu. Mota ma a Legas ta fi saurin tsatsa.

Malam Idi: Gishiri na gaggauta tsatsar ƙarfen mota, haka ne. Amma marmarar da masu tifa ke ɗebowa a hanyar Kumo ta yi ja, ga ta ɗaruruwan kilomita nesa da teku.

Baban Khalifa: Zan sa yaron ya ɗebo min yashin a kwalba in zai dawo hutu, mu kankare mu gani.

Injiniya: Alhaji, wurin adanawa ne, kada ya ɗiba. Mu gwada da jan yashin kwarin Pantami. Ina da gilashin ƙara girma a ofis, zan zo da shi ranar Asabar bayan la'asar.